Shekarar da Aka Hana Yaɓe

A Rijiyar Dado, wani gari da ke gefen hanyar yashi tsakanin Gangara da Tanut, idan bazara ta yi zafin da kaji ke buɗe baki a inuwa, kowa ya san aikin da ke gabansa. A kwaɓa ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta jiƙa, a bi bango a yaɓe, a hau rufin soro a cike duk tsagar da rani ya bari, a zura sanda cikin indararo a fitar da abin da ya toshe shi. Ko ragon gari yana yin wannan, don ɗakin ƙasa ba ya jiran mai shi ya shirya. Shekara ɗaya kaɗai aka taɓa hana yaɓe a garin, wato 1985. Wanda ya kawo shawarar kuma mutum ne mai hankali, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sunansa Hamidu, amma da ka shiga garin kana tambayar Hamidu, wasu za a nuna maka, don masu sunan suna da yawa. Shi Falanto ake ce masa, yaro da babba, saboda ya daɗe yana aikin aike a biron sufurefe, wato ofishin shugaban gunduma, a Tanut, yana goge tebur, yana kawo wa manya ruwan sanyi. Matarsa Hadiza ba ta faɗin sunansa, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Uwarsa Tabawa kuwa, shi ne ɗanta na fari, tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. In dole ta kama sai ta ce "wancan", tana kallon wani waje. Ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta faɗa wa Hadiza, ko ta faɗa wa akuya, shi kuma ya tsinta. Har furfura ta fito masa bai taɓa jin sunansa a bakin macen gidansu ba, kuma bai taɓa ɗaukar hakan wani abu ba.

Abin ya samo asali ne shekara goma kafin nan. Bayan farin 1974 wasu baƙi suka zo da mota, masu furoje, wato shirin taimako na gina gidaje, suna neman garin da za su tayar. Mutanen Rijiyar Dado suka yi abin da duk mai mutunci zai yi in zai yi baƙi. Aka yaɓe katangun gidaje, aka shafa farar ƙasa, aka aro riguna, aka yanka ɗan ragon da ya rage a garin. Da baƙin suka tambayi maigari, Bulama Manzo, ko suna da wata damuwa, ya gyara rawani ya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." To me zai ce? Ya tona asirin garinsa a gaban baƙo? Baƙin suka ci nama, suka yi godiya, suka wuce Tudun Buba ta wajen Tarka, inda gobara ta cinye rabin gari, mutane na zaune a toka. Can aka gina gidajen siminti a jere, aka haƙa rijiya mai famfo.

Falanto yana biro a lokacin. Da kunnensa ya ji, yana ajiye kofuna, wani a cikin baƙin yana cewa waɗancan mutanen masu rago ba sa bukatar komai.

Maganar ta zauna masa a zuciya kamar ƙaya a tafin ƙafa. Yana gani kasuwar mako ta tashi daga garinsu ta koma Tudun Buba. Yana gani samari suna tafiya Kano da Arlit da Libiya, cin ranin da ba a dawowa. Ƙannensa ma suka kwashe iyalansu suka bi famfo. Da ya bar aiki ya dawo gida noma, ya tarar da unguwa guda babu kowa sai ƙadangaru. Sai ga farin 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Buzaye makiyaya da dabbobinsu suka mutu suka gangaro daga arewa, suka kafa tantuna a bayan gari suna jiran hatsin taimako. A shekarar ko yaɓen kirki ba a yi ba, don ruwan sha ma da kyar ake samu, balle na kwaɓa ƙasa.

Da bazarar 1985 wani tsohon abokin aikinsa ya aiko masa daga Tanut cewa wani sabon furoje na tafe, na gidaje da rijiya, har da wurin zaunar da makiyaya. Za su zagaya garuruwa kafin damina, su zaɓi wanda ya fi lalacewa.

Falanto bai tsaya cin abinci ba, ya nufi ƙofar Bulama. Aka tara magidanta.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "wancan karon mun yi kwalliya mun rasa. Mutanen nan ba sa jin magana, abin da ido ya gani shi suke rubutawa. Bana kada kowa ya taɓa bangonsa. Kada a yaɓe, kada a hau rufi. A bar garin yadda fari ya bar shi, su zo su gani."

Mato magini ya yi gyaran murya.

"Falanto, bara ma fa ba a yi ba. Rufin wasu ɗakunan in ka hau, kana hango mai ɗakin ta tsaga."

"Na sani, Mato. Ni ma a ɗakin ƙasa aka haife ni. Kafin damina za su zo. Da sun juya baya, ranar nan kowa ya hau rufinsa."

"In kuma ruwa ya riga su fa?"

"Wane ruwa?" wani ya faɗa daga baya. Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki. Shekarun nan sama ta koya wa mutane raina ta.

Bulama Manzo ya tsufa, kuma kalmar "sai godiya" da ya faɗa ba ta taɓa barinsa ya yi barci mai daɗi ba. Ya amince. Aka yi shela, duk wanda aka gani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a bango, shi ya kori arzikin gari.

Wani mai baki ya ce a fara daga gidan mai shawara. Gidan Falanto kuwa bango ɗaya ya raba shi da lakwal, makarantar garin, inda za a sauki baƙi, don haka shi ido zai fara gani. A cikin gidan akwai soron da mahaifinsa ya gina da hannunsa, kuma a ciki Tabawa take kwana tun tana amarya. Falanto bai tsaya a kan barin yaɓe ba. Ya ɗora tsani ya zare indararon ɗakin ya jefar a ƙasa, don wurin ya ƙara kama da kango. Ɓaraguzan ƙasa suka zubo suka cike ramin da ruwa ke bi. Ya gani, ya ce a ransa aikin ɗan yatsa ne, zai buɗe in lokaci ya yi.

Tabawa tana zaune a bakin ƙofa, ƙafafunta a miƙe, don gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ɗaukarta nesa. Ba ta ɗaga kai ba. Akuya ta kalla.

"Ke dai kin huta," ta ce. "Ba ki da ɗaki balle a cire masa hanci."

Falanto ya sauko ya durƙusa daga nesa. "Inna, ƴan kwanaki ne. In Allah ya yarda ɗakin siminti za ki shiga."

Ta ci gaba da tsince tsakuwa daga ɗan geron da ke cikin faifai, kamar iska ce ta yi magana.

Kada a ce ba ya son uwarsa. Yana sonta so mai tsanani, irin wanda ba shi da hanyar fita. Ranar nan ma, ba tare da kowa ya sani ba, ya haƙa rami a bayan ɗakinta, ya kwaɓa ƙasa mai kyau da ramnon da ya sayo da tsada, ya rufe da zana. Kullum yana yayyafa mata ruwa don kada ta bushe. Tabawa ta gani ta tagar ɗakinta, ranar kuwa ta cinye tuwonta duka.

Aka ce baƙi za su zo ranar kasuwar Tanut. Ba su zo ba. Aka ce motarsu ta lalace a Damagaram. Aka ce babbansu ya tafi Yamai taro. Aka ce sun fara ta wajen Belbeji. Kowane saƙo Falanto ke karɓa, shi ke kai wa Bulama, kuma kowane karo muryarsa na ƙara yin ƙasa.

Sai iska ta juya. Ta daina zuwa daga gabas a bushe, ta fara zuwa daga kudu da ɗan danshi, gishirin da ke cikin kwano ya soma jiƙa. Shamuwa ta sauka a kan gawon masallaci. A kowace shekara yara kan yi mata waƙa, tsofaffi su yi hamdala. A bana mutane suka kalle ta, suka kalli bangayensu, kowa ya wuce abinsa. Da la'asar gizagizai kan taru a gabas, su yi duhu, su yi gunaguni, sannan su watse. Garin da ya shekara yana kuka don ruwa, ga shi yana sauke ajiyar zuciya in hadari ya watse.

Liman ya kira roƙon ruwa, don iri na jira, ciki kuma ba ya jira. Falanto ya fita cikin sahu, ya juya rigarsa kamar kowa, ya ɗaga hannu. Bakinsa na cewa amin, zuciyarsa na cewa a ɗan dakata. Ya dawo gida yana jin kunyar kansa da tsoron Ubangijinsa.

Wasu suka fara satar yaɓe ta cikin ɗaki, inda ido ba ya kaiwa. Wasu suka kwashe tsofaffinsu suka mai da su bukkokin kara. Falanto ya aika Hadiza ta roƙi Inna ta koma ɗakinsu na ciyawa kafin baƙi su zo su tafi.

"Ni in kwana a ɗakin wancan?" in ji Tabawa. "A kan gadonsa? Hadiza, ashe ban mutu ba har na ji wannan?"

"Inna, rufin ne. Jiya ƙasa ta zubo a kan tabarmarki, na gani."

"Wanda ya gina shi ya san abin da ya gina. Azarar nan daga kudu aka kawo ta a kan raƙumi." Sannan ta ƙara da cewa, da ƙarfin da zai kai tsakar gida inda ɗanta ke tsaye, "Sai dai ko raƙumi in an hana shi ruwa da kiwo shekara biyu, durƙushewa yake."

Ya ji. Ya je ya ɗaga zana ya duba ƙasarsa, ya ƙara mata ruwa, ya mayar ya rufe.

Mai ɗebe wa Tabawa kewa a kwanakin nan wata Buzuwa ce, Raishatu, wadda tantinta ke kusa da bayan gidan. Mijinta ya tafi neman aiki bayan dabbobinsu sun ƙare. Hausarta ta kasuwa ce, amma ta ishe su hira. Ita ma ta yi tayi. "Tsohuwa, zo tantina. Fata ba ta kashe mutum in ta faɗo." Tabawa ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita da ta haifi magidanta ba za a ce ta ƙare a tanti ba.

Aka yi yayyafi na farko da hantsi, ɗan kaɗan, wanda ko ƙura bai kwantar ba. Da ya wuce, tsagar rufin soron ta sha ruwa ta ƙara baki. Ƙyauren ɗakin ya fara cijewa, sai an sa kafaɗa yake buɗuwa. Mato ya biyo ta ƙofar gidan, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya dubi Falanto.

"Ka buɗe ramin indararon nan ko da yatsa ne."

"Gobe suna tafe, Mato. Wannan karon tabbas ne. Jibi da asuba ina kan rufin."

Kuma suka zo ɗin. Bayan azahar aka ji kukan mota daga yamma, a daidai lokacin da gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Falanto ya riga ya tsara komai. Mata da yara su taru a filin lakwal da tsofaffin tufafinsu, Hadiza a cikinsu. Makiyaya su tsaya gefe guda. Ba rago, ba fura. Raishatu kaɗai ta ƙi, ta ce ita ba akuyar kasuwa ba ce da za a jera ta a duba haƙoranta. Ta tafi wajen Tabawa ta zauna.

Baƙin su biyu ne da direba, wani Bature mai na'urar hoto a wuya da wani ma'aikaci daga Damagaram da ke yi masa tafinta. Falanto ya zagaya da su. Ya nuna musu unguwar da ta zama kufai, ya nuna bangayen da suka zaizaye, ya nuna soron uwarsa ta saman katanga. Baturen yana gyaɗa kai yana ɗaukar hoto. Aka tambayi Bulama ko suna da damuwa. Tsohon ya buɗe baki, "sai godiya" ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta da kyar, ya ce, "Mun lalace." Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

Iska ta taso, sannan ruwa ya sauko gaba ɗaya, irin wanda aka manta da kamanninsa. Jama'a suka tsere cikin azuzuwa. Yara na ihu, mata na guɗa, wasu tsofaffi na kuka don murna. Baƙin da Bulama da Falanto suka shiga ajin da ke jikin katangar gidansa. Falanto ya tsaya kusa da taga. Ta cikin labulen ruwa yana hango rufin soron. Kowane rufi a garin yana zubar da ruwa ta wani gefe, ko ta indararo ko ta ɓaraka. Na uwarsa kaɗai ba ya zubar da komai.

Ya ɗaga ƙafa zai fita, tafinta ya riƙo hannun rigarsa.

"Malam Falanto, tsaya. Yana tambaya, in an ba ku, ina za a gina? Kuma makiyayan nan za ku yarda su zauna tare da ku? Amsar nan ita ce komai."

Shekara goma yana jiran wannan tambayar. Ya juyo ya fara bayani, tudun arewa da masallaci, ƙasa mai ƙarfi, kusa da hanya. Ruwa ya ɗan lafa kamar mai jan numfashi. A cikin lafawar ya ji muryar mace, siririya, daga wani waje.

"Hamidu! Hamidu!"

Ya ji sarai. Ya ce a ransa wata ce ke neman ɗanta a cikin ruwa, ɗaya daga Hamidun garin. Ba macen da ke kiransa haka, don haka ko waiwayawa bai yi ba. Ya ci gaba da maganar tudu. Muryar ta sake kira, ta sake, sannan ruwan ya dawo da ƙarfi ya rufe ta.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani tim ne mai nauyi, kamar an sauke buhu daga kan raƙumi, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Da ya duba ta taga, babu rufi a inda rufi yake.

Da hannu aka tona, da faranti, da duk abin da aka samu. Raishatu suka tarar a bakin ƙofa, farcenta duk jini. Ta fita ne ta ɗaure tantinta da iska ta taso, kafin ta dawo bango ya zauna a kan ƙyaure, ta ja, ta tura, ya ƙi. An fito da gawar Tabawa kafin magariba. A bayan ƙyauren aka same ta, ta rarrafo har nan da gwiwoyin nan nata. Baturen ya tsaya daga nesa, ya cire hula. Daga baya ya ɗauki hoton ɗakin.

Washegari aka yi zaman makoki a ƙofar gida, ƙasa na ƙamshin ruwa, rabin masu gaisuwa hankalinsu na gona. Raishatu ta fito daga wajen mata, ta tsaya gefe, ta yi wa Falanto ta'aziyya da Hausarta ta kasuwa. Ta juya za ta tafi, sai ta dawo.

"Falanto, in tambaye ka. Wane ne Hamidu?"

Mato ya sunkuyar da kai.

"Shi take ta kira," in ji Raishatu. "Ina jan ƙofa ina cewa bari in kira Falanto, ita kuwa ba ta ce Falanto ba, ba ta ce Hadiza ba. Hamidu kawai, har rufin ya sauko. Na ce ko wani ɗanta ne da ke nesa, a aika masa."

An ba Rijiyar Dado furojen. A shekara ta gaba aka jera gidajen siminti a tudun arewa da masallaci, aka kafa famfo, kasuwa ta dawo, wasu samarin ma suka dawo. Raishatu ta samu ɗaki, Mato ya koyi aikin bulo. Gida na farko a layin aka ba Falanto, ya sa Hadiza da yara a ciki. Ƙasar da ya kwaɓa tana nan a raminta a tsohon gidan, ta bushe ta zama dutse, zanar ta ruɓe a kanta.

Shi kuwa ya rage magana, amma hankalinsa ƙalau, yana noma, yana zuwa masallaci. Abu ɗaya ne kawai, kuma mutanen garin sun saba, har sukan ja kunnen baƙi kada su yi dariya. Duk inda mace ta ɗaga murya ta kira wani Hamidu, a kasuwa ne ko a bakin famfo, ko ɗan goye take kira, sai ka ga dattijon ya yar da abin da ke hannunsa ya miƙe zumbur.

"Na'am, Inna," yake cewa. "Ga ni nan zuwa."